Tambaya da Amsa: Tsofaffin Rediyoyin Tuƙa Ƙananan Jiragen Sama

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu ɗaya, wato tsofaffin na'urorin da ake tuƙa ƙananan jirage da su daga ƙasa, na shekarun 1950 zuwa farkon 1980. Mun gajarta wasu tambayoyin, masu kama da juna kuma mun haɗe su.

Assalamu alaikum. Kawuna ya rasu ya bar wani kwali. A ciki akwai akwatin sarrafawa na alminiyam mai ruwan zinare da aka rubuta wa Kraft, da risiba (mai karɓar sigina a cikin jirgi), da sarbo huɗu (ƙananan motocin da ke motsa jela da fiffike), da wayar caji. Ya fi shekara talatin a ajiye. In sa shi a caji in ga ko yana aiki?

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu. Kada ka sa shi a caji, kada ma ka taɓa makunnin tukuna. Yawancin irin waɗannan kaya da ke mutuwa a hannun sabon mai su, a ranar farko suke mutuwa.

Fara da wayar cajin nan. Wasu akwatunan Amurka na shekarun 1960 cajarsu a ciki take, kuma babu taransifoma: wutar gida mai bolt 110 ce ke shiga kai tsaye, a rage mata ƙarfi da rasista ko ɗan ƙwan fitila. Idan ka haɗa irin wannan da wuta mai bolt 220 zuwa 240, abin da ke ciki zai ƙone, kuma jikin akwatin ƙarfe ne a hannunka. Ka naɗe wayar ka ajiye ta a matsayin kayan tarihi.

Sai ka kwance murfin baya. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto ta kowace kusurwa, musamman inda wayoyin batir suka shiga makunni, domin nan gaba hoton ne zai gaya maka wace waya ta fito daga ina. Batiran NiCd ne, kowane ɗaya bolt 1.2. Ƙirga su. Takwas ne aka fi samu a akwatin sarrafawa, wato bolt 9.6, huɗu kuma a ɓangaren jirgi, bolt 4.8. Za ka ga farin gari a kawunansu. Ruwan cikin batirin ne ya tsiyayo ya bushe, kuma yana cin fata, don haka sa safar hannu. Yanke wayoyin ka fitar da batiran. Akwai kadmiyam a cikinsu, guba ne, ba a ƙona su, ba a kuma zuba su a shara. Wurin da ake karɓar matattun batira za ka kai su. Inda garin ya taɓa ƙarfe ko fanel, wato allon da aka dasa kayan lantarki a kai, goga da auduga mai ɗan ruwan kal har kumfar ta tsaya, ka bi da ruwa mai tsabta kaɗan, ka gama da sifirit, ka bar shi kwana guda ya bushe.

Yanzu feɗe wayar negatif, ka duba tagullar cikinta. Idan ta yi baƙi ko shuɗi-shuɗi, tana karyewa, kuma dalma ta ƙi kama ta, to cutar da masu harkar ke kira baƙar waya ce. Daga batir take farawa, ta bi cikin roba ta wuce makunni, wani lokaci har fanel. Kankarewa ba ta maganinta. Ka ci gaba da feɗewa har ka iske jar tagulla mai sheƙi, duk abin da ke bayan nan a sauya shi, har da makunnin idan ta kai gare shi. Mugun halinta shi ne mitar awo za ta nuna maka cikakken bolt, amma da zarar sarbo ya ja wuta sai komai ya ɗauke.

Bayan haka ne ake ba shi wuta, daga injin ba da wuta na teburin gyara wanda ake iya ƙayyade masa amfa. Zaro eriya gaba ɗaya kafin ka kunna, domin tiransiston da ke tura sigina yana zafi har ya mutu idan ya yi aiki babu eriya. Tabbatar da gefen da aka haɗa da jikin akwatin: a wasu tsofaffin na'urori masu tiransiston jamaniyam fositif ne, ba negatif ba. Ƙayyade wuta a miliamfa 250, fara da bolt 6, ka riƙa ɗagawa a hankali zuwa 9.6. Lafiyayyen akwati yakan ja tsakanin 100 da 200. Idan tun a bolt 6 ya cinye iyakar, kashe: akwai inda wuta ke haɗuwa, galibi kwandensa ce. Kwandensa masu ruwa suna bushewa da shekaru, na tantalam kuma sukan toshe su zama kamar waya.

Kamfanin Kraft na Kalifoniya ne, kuma mai shi, Phil Kraft, shi ya ci gasar duniya ta wasa da ƙananan jirage a sama a tsibirin Kosika a 1967. Kayansa suna cikin waɗanda masu tarawa ke nema, musamman idan saitin bai rabu ba kamar naka. Kada ka raba shi.

Malam, na sayi tarkace a haɗe. Akwai akwati mai maɓalli ɗaya tal, da wani ɗan ƙarfe mai ƙugiya da naɗin waya. Akwai kuma wani akwati da babu sanda sai makunnai biyar masu komawa tsakiya da kansu. Shin waɗannan ma na jirgi ne?

Na jirgi ne, kuma ka samu zamani biyu a kwali ɗaya.

Mai maɓalli ɗaya shi ne tushen harkar. 'Yan'uwan nan biyu, Walter da Bill Good, da suka tashi jirginsu mai suna Guff a Amurka a ƙarshen shekarun 1930, su ake ambata a sahun farko, kuma jirgin yana ajiye a gidan tarihin Smithsonian. Daga nan har cikin shekarun 1960, yawancin masu wannan wasa jelar juyawa kaɗai suke iya sarrafawa. Akwatin ba ya aika komai sai "akwai sigina" ko "babu". Ɗan ƙarfen mai ƙugiya shi ake kira eskefmen. Ana rataya doguwar roba a ƙugiyar, ta bi cikin jirgin har wutsiya, a murɗa ta sau ɗaruruwa kafin tashi. Robar ce ke da ƙarfin juya jela. Rediyo kawai yana sa maganaɗisu ya saki haƙori ɗaya. A nau'i mafi sauƙi bi-da-bi ne: wannan dannawa dama, ta gaba hagu, sai matuƙi ya riƙe a ransa wacce ya yi ta ƙarshe. Wanda ya manta, ya juya cikin bishiya. A nau'in da aka inganta, irin na Bonner da Babcock a Amurka da Elmic a Ingila, ka danna sau ɗaya ka riƙe dama ne kullum, sau biyu hagu, ɗan taɓi mai sauri kuma ya sauya totur ta wani eskefmen na biyu. Don gwada naka, sa masa sabuwar roba, murɗa kaɗan, ka ba naɗin wayar bolt 3. Idan maganaɗisun ya ja amma hannun bai juya ba, tsatsa ce ko busasshen mai a kan sandar. Idan ya juya bai tsaya ba, haƙorin ya cinye ko an lanƙwasa shi.

Mai makunnai biyar na tsarin rid ne, wanda ya yi tashe daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960. Kowane makunni yana da ɓangare biyu, kowane ɓangare yana aika sauti nasa, don haka ake kiransa mai tasha goma, alhali abu biyar yake sarrafawa: jelar juyawa, jelar hawa da sauka, leɓen fiffike, totur, da daidaita jelar hawa. A cikin risiba akwai jerin siraran harsunan ƙarfe, kamar haƙoran mataji, kowane da tsawonsa. Sautin da ya dace da harshe shi ke sa shi rawa har ya taɓa wata 'yar waya a samansa, daga nan sarbo ya tafi. Babu rabin tafiya: ko tsakiya ko ƙarshe. Gwanaye sukan yi ta ɗan taɓa makunnin da yatsa don su samu juyi mai laushi. Orbit, Min-X, F&M, Controlaire da Citizen-Ship duk sun yi irinsa, sarbon Bonner Duramite da Transmite kuma su ne suka cika kasuwa.

Idan risibar tana cikin tarkacen, ka yi hattara da harsunan. Ba a goga musu fayil, ba a lanƙwasa su, domin tsawo da kaurin kowane shi ne sautinsa. Tsaftacewa ita ce ka zura farar takarda tsakanin harshe da wayar taɓawa, ka ja a hankali. Idan harshe ya ƙi rawa, a akwatin sarrafawa ake gyarawa: kowane sauti yana da ɗan bolum nasa a ciki, wato rasistan da ake murɗawa. Juya shi har harshen ya fara rawa, ci gaba har ya daina, sannan ka dawo ka tsaya tsakiyar wuraren biyu. Zafi da sanyi da raunin batir suna gusar da sautin, shi ya sa masu wannan tsari suke sake daidaitawa kafin tashi.

Akwai na uku da za ka iya cin karo da shi, Galloping Ghost, mai sanda ɗaya da mota ɗaya, irin Rand LR-3. Jelarsa ba ta daina kaɗawa. Bambancin tsawon kunnawa da kashewa ke ba da hagu da dama, saurin kaɗawar kuma ke ba da sama da ƙasa. In ka ga motar tana ta kai da komo, ba lalacewa ta yi ba.

Mene ne amfanin ƙyallen da ke ɗaure a kan eriya? Nawa rawaya ne. Kuma zan iya sa kowane kiristal da ya shiga ramin?

Ƙyallen yana gaya wa sauran matuƙa tashar da kake kai, don kada mutum biyu su kunna a kan tasha ɗaya. A zangon megahaz 27, ruwan ƙasa 26.995 ne, ja 27.045, ruwan lemo 27.095, rawaya 27.145, kore 27.195. Shuɗi 27.255 ne a Amurka, 27.245 a Ingila. Amma ƙyalle ana iya sauya shi. Abin da aka buga a jikin kiristal shi ne gaskiya.

Kiristal kuwa, wato ɗan abin da ke tsayar da rediyo a kan tasharsa, biyu-biyu suke zuwa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Na risiba yana nesa da na akwati da kilohaz 455, saboda haka abokin 27.145 yawanci za ka ga an rubuta masa 26.690. In ka musanya su, ko dai shiru, ko ya yi aiki a kan tebur ya yanke bayan taku kaɗan. Na AM ba ya aiki a FM, na wannan kamfani ba lallai ya yi a na wancan ba ko da lambar ɗaya ce. Idan kuma risibarka ba ta da kiristal sam, sai naɗin waya mai dunƙulen ferait a ciki, to tsohon tsari ne mai kama duk abin da ke zangon, wanda ba a tashi jirgi biyu da shi lokaci guda. Ana juya dunƙulen da sukundireban roba. Na ƙarfe yana gusar da saitin, yana kuma fasa ferait.

Na haɗa tsohon sarbo da sabuwar risiba don in gwada shi. Ya yi ƙara, ya yi wari, ya mutu. Ina da sauran uku. Me na yi ba daidai ba?

Ɗan'uwa, ɗaya daga abu huɗu ne, kuma gara ka san su duka kafin ka taɓa sauran ukun.

Ƙirga wayoyin. Sarbo na yau uku gare shi: fositif, negatif, sigina. Na ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 da yawa huɗu gare su, domin batirinsu na bolt 4.8 yana da waya ta uku da ta fito daga tsakiya, tsakanin batir na biyu da na uku. Motar tana shan bolt 2.4 daga rabi ɗaya don ta juya dama, daga ɗaya rabin don ta juya hagu. In babu wayar tsakiyar, ko aka ɗora ta inda ba nata ba, tiransistocin da ke tura motar ne ke ƙonewa. Sai da ƙananan ayisi irin NE543 da NE544 suka shigo aka rabu da wannan waya.

Ko da uku ne, jerinsu ba ɗaya ba ne. A fulogin zamani fositif ne a tsakiya, shi ya sa in ka juya shi ba abin da ke ƙonewa. Tsohon fulogin Sanwa, wanda aka riƙa sayarwa da sunan Airtronics a Amurka, negatif ne a tsakiya. Ka cusa shi a risibar zamani, wuta ta shiga a juye, kuma daƙiƙa ɗaya ta isa. Daga yadda ka kwatanta warin, wannan muka fi zato. Kada ka yarda da launin waya. Buɗe sarbon ka bi kowace waya zuwa fanel, ka duba alamar da ke jikin kwandensa don gane gefen fositif.

Na uku ƙarfin wuta. An yi su ne don bolt 4.8. Batirin litiyam mai gida biyu yana kai 8.4 in ya cika, nau'in LiFe kuma wajen 7.2. Dukansu sun yi yawa.

Na huɗu ba ya cika ƙonawa nan take, amma yana kashe giya. Kowane sarbo yana karɓar bugun wuta kusan sau 50 a daƙiƙa, tsawon bugun ne ke gaya masa inda zai tsaya. Wannan dabara, da ake danganta ta da Doug Spreng da Don Mathes a farkon shekarun 1960, ita ake amfani da ita har yau: milisakan 1 wannan ƙarshe, 2 wancan ƙarshe, 1.5 tsakiya. Sai dai a da kowane kamfani da tsakiyarsa. Tsofaffin Futaba 1.31 suke, daga baya suka koma 1.52. Bambancin 0.2 ya kai digiri 18 zuwa 20 a hannun sarbo, don haka in ka tura sanda ƙarshe sai ya daki bango, motar ta yi ta gurnani, haƙorin giya ya karye. Pro Line kuma bugunsu a kife yake, wato negatif, sai an sa tiransisto ɗaya ya juya shi.

Hanya mafi aminci ita ce ka gwada kowane sarbo da risibarsa ta asali. In kuma yana rawa a tsakiya ko yana tsalle a wuri ɗaya, bolum ɗin da ke cikinsa ne ya yi datti. Yi wa matsayinsa alama, buɗe, goge hanyar da auduga mai sifirit, ka mayar. Giyar nailan man silikon take so, ɗan kaɗan a bakin tsinke.

Akwatina na 1974 ya tashi lafiya, komai yana motsi. Zan iya tashin jirgi da shi? Wasu sun ce in mayar da shi 2.4, wasu sun ce hakan ɓata tarihi ne.

Motsi a kan tebur daban, tashi daban. Akwai doka, akwai kuma lafiyar mutanen da ke tsaye a fili.

Ta fuskar doka, kowace ƙasa da zangon da ta ware. Ingila ta ba jirage megahaz 35 a 1981. Amurka tana da 72, kuma a 1991 ta matse tazarar tashoshi zuwa kilohaz 20. Tsofaffin akwatuna masu faɗin sigina an haramta amfani da su a can tun 1998. Zangon 50 da 53 a Amurka sai mai lasisin rediyon sha'awa. Akwatin 1974 mai faɗin sigina ne, yana fantsama cikin tashoshin maƙwabta, risibarsa kuma tana kwasar nasu. Tambayi hukumar sadarwa ta ƙasarka da ƙungiyar masu tashin jirage kafin ka zaro eriya a fili. Zangon 27 kuwa cike yake da motocin wasan yara da rediyon direbobi.

Ra'ayinmu kan sauyawa shi ne a duba akwatin. Idan irin wanda aka yi dubbai ne, kamar Futaba da Sanwa na shekarun 1970, ko wanda batir ya riga ya cinye masa fanel, sauya shi ka more shi. Akwatin da ake riƙewa a fili ya fi wanda ke ruɓewa a kwali. Idan kuwa na farko-farkon tsarin da jela ke bin motsin sanda daidai gwargwado ne, irin Space Control, Sampey 404 ko Bonner Digimite, ko cikakken saiti da kwalinsa da takardunsa, bar shi yadda yake. Sharaɗi ɗaya ne a kowane hali: kada a huda sabon rami, kada a yar da komai. Duk abin da aka cire a sa a leda, a rubuta sunan akwatin, yadda wani zai iya mayarwa.

Hanya biyu ce. Ta farko, a bar fanel ɗin da ke shirya bugu, a cire kiristal, a yanke wutar ɓangaren tura sigina, a ɗauki jerin bugun daga inda yake shiga wancan ɓangare a kai wa modul na gigahaz 2.4. Wannan sai da osiloskof, na'urar da ke nuna siffar bugun wuta a allo, don ka ga abu uku: ko bugun a miƙe yake ko a kife, tsayinsa bolt nawa ne, kuma tsakiyarsa nawa. Tsofaffin fanel sukan fitar da bugu mai tsayin cikakken batir, wanda ya fi ƙarfin wasu modul, sai an rage da rasista biyu. Wasu kuma tsawon zagayensu yana sauyawa da motsin sanda, ba kowane modul ke jure wannan ba. Tsakiyar ma sai an ja ta zuwa 1.5 tasha bayan tasha. Kuma ka tuna ba shi da juya alkiblar sarbo. In jela ta tafi a juye, a jikin jirgin za ka gyara.

Ta biyu ta fi sauƙi, mun kuma fi son ta: a cire tsohon fanel gaba ɗaya, a sa ƙaramin Arduino, wato ɗan allon kwamfuta, ya karanta bolum ɗin sandunan ya shirya bugun da kansa. Da wannan ake samun juya alkibla da rage tafiya, har ma a kwaikwayi maɓalli ɗaya ko rid da sarbon zamani. Rauninta shi ne bolum ɗin sanda: sanda tana juya shi kashi kaɗan ne na zagayensa, don haka ƙaramin datti yana zama babbar rawa a jela. Wanke shi ko ka sauya.

Jikin akwatin ƙarfe ne, yana tare sigina, don haka eriyar 2.4 dole ta fito waje, ta ramin tsohuwar eriya. Wasu suna barin doguwar eriyar don ado, amma a tabbatar ba ta haɗe da komai. Agogon awon da ke fuskar akwatin a wasu ƙarfin sigina yake aunawa. Mayar da shi ya auna batir. A jirgin kuwa sa sabuwar risiba, sabon makunni, sabon batir. Saita abin da jirgi zai yi in sigina ya yanke, totur ya koma ƙasa. Ka gwada nisa yadda takardar modul ɗin ta ce, injin a kashe, sannan a kunne.

Ni sabuwa ce a wannan sha'awa. Da me zan fara, kuma ta yaya zan san shekarar abu in mai sayarwa bai sani ba?

Barka da zuwa, 'yar'uwa. Zaɓi iyaka tun yanzu, kamfani ɗaya ko zamani ɗaya ko ƙasa ɗaya, in ba haka ba ɗaki zai cika da rabin saiti. Jamus tana da Graupner da Simprop da Multiplex da Metz, Ingila tana da Skyleader da Sprengbrook da MacGregor da Fleet, Japan tana da Futaba da OS da Sanwa. Ga mai son koyon gyara, Heathkit ya fi: a warwatse aka riƙa sayar da shi mutum ya haɗa da kansa, don haka littafinsa yana da taswirar wayoyi da bayanin kowane mataki. Sai dai ingancin kowane ɗaya ya danganta da hannun wanda ya yi masa dalma.

Nemi hoton ciki kafin ki biya. "Ba a gwada ba" ya fi mana "na kunna ya yi aiki", domin na biyun yana nufin an tura wuta ta cikin ruɓaɓɓen batir. Ki duba ko lambar kiristal ta akwati da ta risiba abokan juna ne, ko fulogin sarbo na asali ne ko an yanke, ko eriyar ta cika gaɓoɓinta. Eriya da murfin batir da tambarin kamfani su ne masu wuyar samu. Tiransisto da kwandensa ana samun madadinsu.

Shekara kuwa tana rubuce a ciki. A jikin ayisi da bolum da wasu kwandensa akwai lamba huɗu: 7423 na nufin mako na 23 na 1974. Ki duba da yawa, ki ɗauki mafi sabunta. An haɗa na'urar bayan wannan, yawanci da 'yan watanni. Guda ɗaya da ya yi nesa da sauran alamar gyara ce. Tallace-tallacen tsofaffin mujallun harkar suna taimakawa wajen gane samfuri, haka ma gidan tarihin AMA, ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, da ke Muncie a jihar Indiyana.

Ina da risiba mai ƙaramar kwalba da aka rubuta wa XFG1, da akwati mai kwalabe biyu. Batiransu ba a yin su yanzu. Da me zan kunna su, kuma yaya zan adana su?

Na'ura mai kwalba, wato ƙwan gilas ɗin da rediyo ke aiki da shi kafin zuwan tiransisto, batir biyu take ci. Ƙarami, bolt 1.5, yana zafafa zaren cikin kwalba. Babba shi ke aikin: bolt 22.5 ko 45 a risiba, a akwati kuma sau da yawa 135, wato 67.5 guda biyu. Ana haɗa madadinsu da ƙananan batira masu bolt 9 a jere: biyar su ba da 45, goma sha biyar su ba da 135. Bolt 135 yana fizgar mutum sosai, don haka naɗe kowace mahaɗa, kuma kada ka sa hannu ciki yana haɗe.

Haɗarin da ya fi kashe kwalba shi ne babban batir ya taɓa wayar zare, ko da ƙiftawar ido. Yi wa wayoyin alama, ka auna ƙafafun zare da mita kafin ka haɗa komai. A gwajin risiba, sa rasista mai om 1,000 a kan wayar babban batir. In kuskure ya faru, shi zai tare yawancin wutar. Haɗa ƙaramin batir da farko, babba daga baya. Wajen cirewa babba ne farko.

XFG1 ta kamfanin Hivac ce, 'yar'uwar RK61 ta Raytheon, kuma iskar gas ce a cikinsu. Rayuwarsu gajera ce, tana ƙarewa da awannin aiki, kuma yawan wuta yana gaggauta ta. Sa mitar miliamfa a layin babban batir. Babu sigina, ya kamata ta tsaya wajen 1.5 ko ƙasa. In ka danna maɓalli ta faɗi sosai, faɗuwar ce ke sakin rile, wato makunnin da maganaɗisu ke ja. In ta ƙi faɗuwa, juya saitin naɗin waya kaɗan-kaɗan. In sai ka ɗaga wutar sama da haka take amsawa, kwalbar ta tsufa. Gwada na 'yan mintuna ka kashe. Ba abin da za a bari a kunne don baƙi su gani ba ne.

Risibar da ta haɗa kwalba da tiransisto, ko mai tiransisto zalla ta farkon shekarun 1960, in ka ga AF114 zuwa AF117 ko OC170 a ciki kuma ta yi shiru, zargi su. Wasu siraran zaren kuza suna tsirowa a cikin gwangwaninsu su haɗe ƙafafu. Yanke ƙafar da ke haɗe da gwangwanin yakan farfaɗo da su na wani lokaci, amma sauyawa ce magani.

Wajen adanawa, kada batir ko ɗaya ya kwana a ciki, har da busassun. Cire tsohon soson da aka naɗe risiba da shi, domin yana narkewa ya zama danƙo mai cin tagulla. Cire roba daga eskefmen. Kada wayar roba ta kwanta a jikin akwatin filastik. Man da ke cikin robar yana narka filastik ya bar sawu, don haka naɗe kowace waya a takarda daban. Jikin alminiyam mai launi ruwan sabulu mai sauƙi kawai yake so, a tsumma mai laushi: soda mai ƙarfi tana cire launin, tina kuma tana cire rubutun da ke kan fuska. A ajiye a wuri busasshe da rana ba ta bugu, da ƙunshin silika a cikin kwalin, a sauya shi ko a gasa shi in ya jiƙa. Eriya kuma a goge ta da ɗan mai mara kauri, a mayar da ita ciki gaɓa-gaɓa daga ƙasa, ba a danna ta daga kai ba, don nan take lanƙwashewa.